Ƙasa Mai Guba a Gindin Gini: A Tone Ta ko A Rufe Ta?

Duk wanda ya taɓa yin gini a Zariya ya san halin gara. Tana cinye azara da katakon rufi, ta ratsa bango ta shiga akwatin takardu, kafin mai gida ya farga ta gama ɓarna. Shi ya sa aka daɗe da al'adar zuba magani a ramin fandisho kafin a zuba kankare. Daga shekarun 1950 har zuwa na 1980, magungunan da aka fi dogara da su wajen wannan aiki a ƙasashe masu zafi su ne aldirin da dildirin da kulodan. An so su ne saboda ba sa mutuwa da wuri. A zuba sau ɗaya, gara ta yi shekaru ba ta kusanci gidan ba. Wannan jimiri nasu shi ne ya dawo ya zama abin damuwa, domin maganin da ya zauna yana jiran gara yana nan daram lokacin da yaro ya fara rarrafe a gindin bangon.

Noma ma ya kawo nasa kason. Tun 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru, wadda ta zama cibiyar IAR lokacin da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Sabon Gari kuwa ya tashi ne a gefen layin dogon da ya iso Zariya a 1911, ya zama matattarar auduga da gyaɗa da manyan ɗakunan ajiya na kamfanoni. Yankin da ya shekara ɗari yana rayuwa a kan noma da binciken noma, dole maganin feshi ya ratsa shi da yawa. A zamanin auduga DDT ne da gamalin, yau kuma maganin ciyawa ne da fiya-fiya, waɗanda ake samu tun daga kasuwar Sabon Gari har ƙananan shagunan Samaru da Basawa da Bomo. Duk inda aka daɗe ana ajiye magani, ana juye shi daga duro zuwa galan, daga galan zuwa kwalba, ana wanke injin feshi a bakin ƙofa, to ƙasar wurin ta sha rabonta.

Maganar ta taso yanzu ne saboda garin yana sauya kama. Tsohon sito ya koma ɗakunan hayar ɗalibai. Shagon magani ya koma wurin sayar da abinci. Tsohon gidan ma'aikata an sayar wa mai iyali, yana son ya haƙa rijiya, ya shuka kabewa a bayan ɗaki. Da zarar an gane ƙasar gindin ginin ba ta da lafiya, shawara kan rabu gida biyu. Wasu su ce, "A kwashe a zubar, kowa ya huta." Wasu su ce, "A malala mata siminti, magana ta ƙare." Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma kowanne yana iya cutar da bayin Allah idan aka bi shi a inda bai dace ba.

Kafin a ɗora su a sikeli sai an san irin gubar da ake magana a kanta, domin ba halinsu ɗaya ba. Akwai tsofaffin magunguna dangin DDT, wato aldirin da dildirin da kulodan da lindan, wanda shi ne ke cikin gamalin. Yawancinsu ba sa narkewa sosai a ruwa, manne wa ƙasa suke yi, in kuma sun shiga jikin mutum ko dabba sai su taru a cikin kitse. DDT kan ɗauki shekara 2 zuwa 15 kafin rabinsa ya lalace a ƙasa. An tarar da kulodan a gindin gidaje bayan fiye da shekara 20 da zuba shi. Aldirin kuwa in ya shiga ƙasa rikiɗewa yake yi ya zama dildirin, wanda ya fi shi daɗewa. Yarjejeniyar Sitokholm ta 2001 ta sa DDT da aldirin da dildirin da kulodan cikin abubuwa 12 na farko da duniya ta amince a daina ko a taƙaita, Nijeriya ta shiga cikinta a 2004, aka ƙara lindan a 2009. A nan gida hukumar NAFDAC ta haramta magungunan gona 30 a 2008. Sai dai doka sayarwa take hanawa, abin da ya riga ya shiga ƙasa yana nan inda aka zuba shi.

Sababbin magunguna halinsu dabam. Fiya-fiya yana da kaifi, yana iya kashe mutum nan take, amma a ƙasa mai danshi kwanaki ko 'yan makonni yake yi ya lalace. Atarazin da manoman masara ke fesawa bin ruwa yake yi, yana iya gangarawa har ya tarar da ruwan rijiya. Farakwat kuma yakan kama laka ya riƙe gam, ba ya motsi.

Gubar da ke cikin ƙasa ba ta cutar da kowa sai ta sami hanyar shiga jiki, hanyoyin kuwa a gidajenmu sanannu ne. Yaro ya yi wasa da ƙasa ya kai hannu baki. A share tsakar gida da hunturu, ƙura ta sauka a kan tuwo da ruwan randa. Kaza ta yi tono a gindin bango, abin da ta tsattsaga ya taru a ƙwai. Kabewa da danginta sun yi suna wajen zuƙo dildirin da kulodan daga ƙasa fiye da yawancin tsirrai. Sai kuma rijiya, wadda a unguwanni da yawa na Samaru da Sabon Gari ita ce madogara in famfo ya ɗauke. Mai tonewa yana son ya raba gidan da gubar ne gaba ɗaya. Mai rufewa yana son ya bar ta a inda take, ya toshe waɗannan hanyoyi. Duk sauran bambancin da ke tsakaninsu daga nan ya samo asali.

Hujjar masu son tonewa tana da ƙarfi, kuma ba sai an je nesa neman shaida ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, inda ake daka dutsen zinariya a cikin gidaje. Likitocin ƙungiyar MSF suka ga babu amfanin a ba yaro magani ya koma ya zauna a kan ƙasar da ta kwantar da shi. Saboda haka, da taimakon ƙwararrun TerraGraphics da Blacksmith Institute, aka ɗauki mutanen ƙauyukan aiki, suka bi gida-gida da fartanya da shebur suna kankare saman ƙasa, ana ɗurawa a buhuna, ana kaiwa ramukan da aka keɓe a bayan gari, sannan a shimfiɗa ƙasa mai tsabta. Bagega, wadda ta fi sauran girma, sai a 2013 aka yi mata. Bayan aikin da maganin da ya biyo baya, dalmar da ke jinin yara ta ragu, mace-macen suka ja baya. Dalma ba maganin ƙwari ba ce, amma abin da aka koya ya shafe mu. In guba ta yi yawa a daidai inda yara ke zama, raba su da ita shi ne magani.

Tonewa tana da wata falala da rufewa ba za ta taɓa samu ba. In an yi ta da kyau, gidan ya rabu da matsalar har abada. Ba a bukatar wani ya riƙa tunawa, ko ya riƙa duba ko siminti ya tsage. Wanda ya gaji gidan yana iya haƙa rijiya, ya yi lambu, ya kiwata kaji, ba tare da ya taka wani haɗari da bai sani ba. Kuma a wurin da magani ya daɗe yana zuba har ya jiƙa ƙasa sharkaf, kwashe wannan cibiyar yana yanke abin da ke tsiyaya zuwa ruwan ƙasa tun daga tushe.

Amma gindin gini ba fili ba ne. Nauyin bango ba a kan fandisho kaɗai yake tsayawa ba, bazuwa yake yi cikin ƙasar da ke ƙarƙashinsa da gefensa. Injiniyoyi suna da ƙa'ida a kan haka: daga ƙasan fandisho a ja layi a karkace zuwa waje, kowane taƙi ɗaya na zurfi a ba shi taƙi ɗaya na nisa. Ƙasar da ke ƙarƙashin wannan layi ita ke ɗauke da ginin, ba a taɓa ta sai da tokari. Gidajen bulo da yawa fandishonsu bai kai mita ɗaya ba, na jar ƙasa da tubali kuwa sau da yawa ko kusa da haka bai kai ba. Maganin gara kuma a daidai wannan wuri aka zuba shi. Ke nan ƙasar da ta fi ɗaukar guba ita ce kuma take riƙe da gidan.

Na ga yadda wani dattijon magini ya bi da irin wannan aiki a bayan wani tsohon sito a Muciya. Kafin a ɗaga diga, ya ɗauki gawayi ya raba jikin bangon gida-gida, kowane gida kimanin mita ɗaya. Ya sa aka tone na farko, aka tsallake biyu, aka tone na huɗu, bai yarda a taɓa na tsakiya ba sai da aka cike waɗanda aka buɗe da marmara aka daddaɓe. Yaronsa na tsaye da gwangwani mai huji yana yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi. Da digar ta fasa ɓawon sama, sai wani wari mai kama da na kalanzir ya bugi hanci. Ƙasar ta fito baƙa mai maiƙo, babu tururuwa ko tana ko saiwar ciyawa a cikinta, alhali taƙi biyar daga nan ƙasar ja ce mai rai. Mai wurin ya ƙosa, ya ce, "Baba, a buɗe layin gaba ɗaya mana, leburorin nan kuɗin yini nake biyan su." Dattijon ya ce, "Alhaji, in na buɗe duka, bangon nan zai biyo ni cikin ramin. Ka bar ni in bi shi a hankali." Irin wannan aiki yana cin lokaci da kuɗi, kuma ba kowane mai gida ne ke da haƙurinsa ba.

Yanayi ma yana da bakin magana. Samaru tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukansa tsakanin Mayu da Oktoba. Ramin da aka bari a buɗe a watan Agusta cika yake yi da ruwa, ƙasar gindin bango ta yi laushi, taɓon da aka tara a gefe kuma ya bi lambatu. Ruwan lambatun unguwanni da yawa rafin Kubanni yake faɗawa, Kubanni ta kai kogin Galma, inda 'yan lambu ke ban ruwa. In kuma aka bari sai tsakiyar rani, ƙasa ta yi tauri, kowane sara na diga ƙura yake tayarwa, iska ta raba wa maƙwabta. Lokacin da ya fi dacewa ɗan gajere ne, wato da kaka, bayan ruwa ya ɗauke amma ƙasa ba ta gama bushewa ba.

Sai lebura, wanda ba a cika sa shi a lissafi ba. Shi ne zai shiga ramin da silifa, ya share gumi da bayan hannu, ya ci rogo da ƙuli a bakin aikin, ya koma gida matarsa ta wanke kayan a bahon da take wa yara wanka. A 1988, lokacin da aka gano shara mai guba kusan tan 3,800 da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko na tsohuwar Jihar Bendel, daga cikin waɗanda suka jikkata har da ma'aikatan da aka sa kwashe ta. Wannan abin ne ya sa gwamnati ta kafa dokar hana shara mai guba da hukumar kare muhalli ta FEPA a shekarar. Takalmin roba da safar hannu da takunkumi mai kyau da sabulu da ruwan wanka a wurin aiki haƙƙin lebura ne a kan mai gida. Wanda ba zai iya saya masa su ba bai shirya tonewa ba.

Tambayar da ta fi duka nauyi ita ce, ina za a kai ƙasar? Mu ɗauki bango mai tsawon mita 10, a tone faɗin mita ɗaya da zurfin rabin mita a gefensa. Abin da zai fito ya kusa tan 8, wato kusan cikin tifa guda, daga bango ɗaya tak. Sharar Koko tana da inda ta fito, an mayar da ita can. Ƙasar Muciya ko ta Hayin Dogo fa? A Zariya ƙasa ba ta rasa mai so. Mai sabon fuloti yana neman ciko. Mutanen layi suna neman abin toshe rami a hanya. Masu buga tubali suna nema. In an zuba a juji, manomi ya zo da rani ya kwashe da sunan taki ya kai gona. In an zuba a kududdufi, nan ne dabbobi ke sha, yara ke wanka. Gubar da ta shekara 40 a kwance a ƙarƙashin bango ɗaya, babu mai taɓa ta, sai ta wayi gari a tsakar gidaje biyar da gonar masara. An yi gudun gara an faɗa wa zago.

Ƙonawa ma ba mafita ba ce. Irin waɗannan magunguna ba sa ƙonewa sarai sai a cikin tanderu na musamman mai zafin da ya haura digiri 1,100. In aka cinna musu wuta a fili, hayaƙin na iya fitar da dayoksin, gubar da ta fi ta farko muni. Hukumar abinci da aikin gona ta duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa tsofaffin magungunan da suka lalace a ɗakunan ajiya na Afirka sun kai tan 50,000. Shirin da aka fara a 2005 don kwashe su, wanda Nijeriya ke cikin ƙasashe bakwai na farko, ya dogara ne a kan lodin maganin a jirgin ruwa zuwa Turai a ƙone. Abin da ya yiwu ga duro-duron magani ba zai yiwu ga tifa-tifar ƙasa daga gidan talaka ba.

A nan ne rufewa take nuna amfaninta, muddin an fahimci cewa ba shafen siminti ake nufi ba. Aikin ƙwarai shi ne a tsince tarkace, a daddaɓe wurin, a shimfiɗa leda mai kauri, a zuba marmara mai tsabta, sannan a kwarara kankare mai kaurin kamar santimita 10, a karkata shi yadda ruwa zai guje wa bango, a yi wa ruwan indararo hanyarsa. Wannan aiki kowane birkila a Kwangila ko Palladan ya iya shi. Ba ya tayar da ƙura, ba ya bukatar tifa, ba ya taɓa fandisho. Hasali ma ƙarfi yake ƙara wa bango, domin yana kare gindinsa daga zaizayar damina, abin da gidajen ƙasa suka daɗe suna bukata. Kuma ya dace da halin tsofaffin magungunan nan. Tunda ba masu yawo ba ne, in aka hana ruwan sama ratsa su, aka hana hannu da kaza da tsintsiya kaiwa gare su, sai su zauna a inda suke suna lalacewa sannu a hankali.

Ba talauci kaɗai ke sa a zaɓi wannan hanya ba. A jihar Hawai ta Amurka, inda gara ta addabi gidaje aka kuma shekara da shekaru ana zuba kulodan da dildirin kafin a hana su a ƙarshen shekarun 1980, shawarar hukumar lafiya ga masu gidaje ita ce su bar ƙasar gindin gini a inda take, su rufe ta, su hana yara wasa a kanta, kada su shuka abin ci a jikin bango. A Zamfara ma ba ko'ina aka kankare ba. An fara aunawa da na'ura, inda dalma ta yi yawa aka kwashe, inda take tsaka-tsaki aka rufe da ƙasa mai tsabta.

To amma wanda ya rufe ya san gubar tana nan. Kankaren da aka yi wa rowar siminti damina biyu yake yi ya tsattsage. Saiwar darbejiya tana ɗaga shi. Mai gyaran famfo yana fasa shi ya tafi bai mayar ba. In wurin da maganin ya zuba a cikin ɗaki yake, tururinsa na iya biyo tsaga ya cika ɗakin da ɗalibi ke kwana ƙofa a rufe. Rufin sama kuma ba ya hana ruwan ƙasa wucewa ta gefe. A unguwannin da ke kwari, inda ruwan rijiya ke tasowa kusa da baki a watan Agusta, maganin da ke bin ruwa zai yi tafiyarsa ko an rufe shi da kankare.

Babban raunin rufewa shi ne mantuwa. Gini ya fi mai shi daɗewa. Mai gida ya rasu, a raba gado, wani ya sami ɓangaren baya, ya kira masu haƙar rijiya ko ramin masai, su fasa daɓen da bai san dalilin yin sa ba, su watsa ƙasar a tsakar gida. Ko kuma a sayar da gidan, dillali ya yi shiru don kada farashi ya faɗi. Malamanmu sun karantar da mu cewa ɓoye aibin abin sayarwa haramun ne, kuma mai saye yana da damar mayarwa in ya gano. Ƙasa mai guba a ƙarƙashin daɓe aibi ce, ko da ido ba ya ganin ta.

In aka jera su kafaɗa da kafaɗa, ga yadda suke. Ta fuskar kuɗi da sauri da lafiyar bango, rufewa ce kan gaba. Ta fuskar ɗorewa da kare rijiya da sakin ƙasa ga na baya, tonewa ce. Amma ma'aunin da na fi ba muhimmanci shi ne, a kan wa haɗarin zai faɗa? Tonewa tana ɗora shi a kan mutanen yau, wato lebura da maƙwabci da wani bawan Allah a can nesa da zai sayi ƙasar bai san tarihinta ba. Rufewa tana ɗora shi a kan mutanen gobe, wato magada da masu saye da masu haya. Kowace hanya tana da wanda za ta iya zalunta, kuma a duk biyun wanda ake zaluntar ba ya wurin lokacin da ake yanke shawara. Maganin zaluncin farko shi ne sanin inda ƙasar za ta sauka. Maganin na biyu shi ne rubutu.

Mutanen Mali sun nuna cewa ana iya haɗa hanyoyin biyu. A Molodo, inda aikin feshin fara da tsuntsaye ya bar ƙasa jiƙe da magani, FAO da masana daga Wageningen ta ƙasar Holan ba su yi lodin ƙasar zuwa ƙetare ba. Wadda ke ɗauke da magani mai saurin lalacewa an tone ta, an baza a keɓaɓɓen fili, an cakuɗa da taki, ƙananan halittun cikin ƙasa suka cinye gubar. Mai ɗauke da irin su dildirin, da ba sa jin wannan dabara, killace ta aka yi a wuri guda, aka shuka tsirran da ba a ci a kewayen. Kowace guba an bi da ita gwargwadon halinta, da kayan da ake samu a gida.

Ra'ayina a kan gidajenmu shi ne wannan. Ƙasar da aka yi wa maganin gara a fandisho, ginin kuma yana tsaye da ƙafarsa, a bar ta. A rufe gefen bangon da kankare mai kyau, a matsar da lambu da akurkin kaji nesa da shi, sai ranar da za a rushe ginin a yi maganar kwashewa. Tone ta yanzu haɗari biyu ne ba tare da riba ba. Amma wurin da magani ya zuba ya taru, kamar ƙofar tsohon sito ko inda aka daɗe ana wanke injin feshi, musamman in akwai rijiya kusa ko za a mayar da wurin ɗakin kwana ko na abinci, a nan rufewa kaɗai ba ta isa ba. A tone cibiyar, iya inda launi da wari da gwaji suka nuna, kaɗan-kaɗan yadda dattijon magini ya yi, a ɗura a buhuna masu leda ko duro mai murfi, sannan a rufe abin da ya rage. In kuwa babu amintaccen wurin kai ta, gara a killace ta a cikin filin, a rami mai kankare a wuri mai tudu nesa da rijiya, da a ɗora ta a tifar da ba a san inda za ta juye ba.

Duk wannan yana bukatar gwaji tukuna, domin hanci ba ya jin dildirin da ya shekara 30, wari mai ƙarfi kuma wani lokaci na man da aka narka maganin ne. A nan Zariya ta fi garuruwa da yawa sa'a. Masana ƙasa da masana sinadarai da malaman gona suna nan a Samaru, a IAR da cibiyar malaman gona ta NAERLS da sassan jami'a. Abin da ya rage shi ne a buɗe wa talaka ƙofa, ya san inda zai kai samfurin ƙasa da na ruwan rijiyarsa, da abin da zai biya, a kuma yi masa bayanin sakamakon da Hausa. Hukumar kula da muhalli ta tarayya, NESREA, da aka kafa a 2007, da hukumar kare muhalli ta Jihar Kaduna, KEPA, da ƙaramar hukumar Sabon Gari, in suka haɗa kai suka keɓe rami ɗaya mai kyau a kan tudu, nesa da Kubanni da Galma, da shinge da mai gadi, sun cire wa tonewa babbar illarta. In duba-gari da masu unguwanni suka buɗe littafi ɗaya da za a riƙa rubuta kowane wuri da aka rufe, aka kuma sa bayanin a takardar gida, sun cire wa rufewa tata.

Masu shagunan magani na yau su ma suna da abin yi, domin daɓensu na yau shi ne matsalar wani nan da shekara 30. Daɓen siminti mai ɗan tudu a bakin ƙofa, da buhun yashi ko garin katako na tsane abin da ya zube, da daina wanke galan a lambatu, sun fi arha nesa ba kusa ba a kan tifa da leburori. Ga wanda kuma ya riga ya tarar da matsalar a gidansa, kafin ya kira mai diga ko mai siminti ya amsa tambaya ɗaya tsakaninsa da Allah. In tonewa zai yi, a gidan wa ƙasar za ta sauka? In rufewa zai yi, wa zai gaya wa wanda zai zo bayansa? Wanda ya sami amsa mai kyau ga ɗaya daga cikinsu, ya san hanyar da zai bi. Wanda bai samu ba, ya kange wurin, ya hana yara da kaji, ya je ya nemo amsar kafin ya taɓa ƙasar.